Tulun Matan Zumunta a Hanyar Dakwaro

Ba mu wuce Dayi ba warin daddawa ya cika motar. Rana ta fara zafi, tagogin baya ba sa buɗuwa, ni kuma ina tsakiyar kujera rungume da wani abu naɗe cikin tsohon zani, kamar mai jego ta fito da jariri. Wani dattijo a gabana ya waiwayo yana fifita da hularsa.

"Wai wa ya shigo mana da kasuwar daddawa ne?"

Aka yi dariya. Na sunkuyar da kai, na ƙara matse abin a ƙirjina.

Tulu ne. Ba na ruwa ba, irin wanda matan zumunta suke kaɗawa a coci: na yumɓu, da baki a sama da wani rami a gefe. In kika bugi ramin da tafin hannu kika saki bakin, sai ya yi wata murya mai zurfi kamar ƙasa ce take numfashi. A ƙauyenmu kusa da Ƙarfi, da wannan murya muka tashi. Da ita ake biki, da ita ake raka gawa, da ita ake shiga kowace sujada.

Gwaggona Saratu ce ta roƙe shi. Ita da mijinta, Baba Ishaku, mai bishara ne, sun yi shekaru a wani ƙauye arewa da Dakwaro a ƙasar Nijar. Sun daɗe suna shuka ba su ga tsiro ba. A shekarar nan sai ga mata uku sun ba da gaskiya, aka sa za a yi musu baftisma ranar Ista, idin tashin Yesu daga matattu. Gwaggo ta kira ta waya, muryarta tana yankewa.

"Rifkatu, komai na jure a nan. Zafi, ƙishirwa, rairayi a cikin tuwo. Amma mu rera waƙa ba tulu, sai in ji kamar ina tafiya da ƙafa ɗaya. Ina so matan nan su fito daga ruwa su ji abin da muka ji."

Ni aka zaɓa in kai, don na gama kwalejin horon malamai ban sami aiki ba, kuma ana so in zauna in koya wa matan karatu. Fastonmu ya sha faɗa mana cewa bishara ba aikin fastoci kaɗai ba ce, Ubangiji ya ɗora ta a kan duk wanda ya ji. Na yarda da haka har cikin ƙashina. Bakina ne matsalar. Ina iya tsara waƙa a kaina ina ɓarar masara daga safe har yamma, amma in baƙo ya tambaye ni hanya sai murya ta maƙale. Don haka na yi wa kaina lissafi mai sauƙi: ni ɗaukar tulu zan yi, wa'azi na su Baba Ishaku ne.

Daddawar kuwa aikin Mama Talatu ce, shugabar matan zumunta. A wurinmu ba a miƙa wa mutum ƙwarya ko tukunya ba komai a ciki. Ko aro kika yi a wurin maƙwabciya, da ɗan wani abu za ki mayar. To, ina ga tulun da zai ƙetare iyaka. Kowace mace ta zo da ƙullinta: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, barkono, ƙanana ƙanana yadda za su bi ta bakin. Aka dinga durawa har ya cika, aka toshe ramin gefen da totuwar masara. Ya yi nauyi kamar yaron da ya isa yaye.

A tashar Katsina aka fara cuta ta. Ɗan kamashon motar Maraɗi ya dubi abin da nake rungume da shi ya ce kaya ne, sai saman mota. Na ce ba zai hau sama ba. Ya ce to in biya masa kujera. Na biya. Na ajiye tulun a gefena, na gyara masa zama, raina fari. Ana dab da tashi sai ga shi ya jawo wani mutum da jaka, ya nuna masa kujerar tulun.

"Malam," na ce, "na biya kuɗin wurin nan."

Ko ni ban ji muryata sosai ba, balle shi. Ya juya baya yana kiran wani fasinja.

"Kai, ɗan nan." Wata mata ce a ɗaya gefen nawa, babbar mace mai faɗin fuska, da zoben azurfa a kowane hannu. "Ka ga ɗiyar mutane ba ta da baki, shi ya sa? Mayar mata da kuɗinta."

"Hajiya, ba da ke na yi ciniki ba."

"Da ni ka yi, da yanzu kana neman hularka."

Direba ya tayar da mota, ɗan kamasho ya shige cikin taro, kuɗina suka tafi tare da shi. Mutumin da aka kawo ya zauna yana ba ni haƙuri, shi ma ya biya nasa. Na mayar da tulun cinyata, idona ya cika da ƙwalla. Matar ta yi tsaki, ta jawo rabin tulun kan tata cinyar.

"Kawo nan. Tawa ta fi taki nama."

Sunanta Hajiya Baraka, mutuniyar Maraɗi. Kauɗar tumatir take sarowa daga kasuwar Danja, buhunanta ne suka danne bayan motar. Ta tambayi sunana, na faɗa.

"Rifkatu. To, ɗiyar masu coci ce. Na san ku. Akwai wata Laraba a Danja da nake saye wurinta, ba ta taɓa sa mini ruɓaɓɓe a gindin buhu ba. Mi ke cikin wanga abu?"

"Tulu ne, Hajiya."

Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Ta dube ni ta gefen ido, ba ta ƙara ba.

Bayan Jibiya, a shingen bincike na kan iyaka, aka sauke mu duka. Jami'in da ya zo kanmu dogo ne, mai furfura a gemu, da ganinsa ya gaji. Ya ɗaga tulun ya ji nauyinsa, ya kwance zanin, ya ga totuwar da aka toshe gefe da ita. Fuskarsa ta canza.

"Tulu mai nauyi haka, da rami an toshe? A irin wannan ake ɓoye ƙwaya. Ko ki zazzage shi yanzu, ko in fasa."

Na shimfiɗa zanin a gindin wata bishiya na durƙusa. Bakin tulun bai fi shigar hannuna ba, sai ɗaya bayan ɗaya. Ƙullin kuka. Ƙullin barkono. Daddawa, daddawa, wata daddawar. Fasinjoji suka zagaye ni, masu tallar fura suka matso da ƙorensu. Jami'in yana kwance kowane ƙulli yana shinshinawa, har barkono ya sa shi atishawa, yara suka fashe da dariya. Da tulun ya zama wofi ya ɗaga shi ya leƙa ta ramin, ya hango ni ta baki.

"To wannan fa? Tulun da aka huda ba ya riƙe ruwa."

"Na kiɗa ne."

"Kiɗan me?"

Zan iya cewa na biki, ba wanda zai ƙara tambaya. Amma matan ƙauyenmu ba don biki suka aiko shi ba.

"Na coci ne," na ce. "Muna yabon Yesu da shi."

Jami'in ya miƙo mini.

"Kaɗa mu ji. In ya yi kiɗa, ki wuce."

Na zauna a kan saiwar bishiyar, na ɗora shi a cinya. Bugun farko ya fito kamar tari. Na biyu ya zauna. Muryar tulun ta fito a ƙasar da ba tamu ba, daidai yadda take fita a gida, sai na ji kamar Mama Talatu tana bayana da su Innata duka, sanye da zanin zumunta. Tulu kuma ba a kaɗa shi baki rufe. Kafin in yi shawara na ji ina rera wata waƙa da na tsara a gonar auduga, wadda ban taɓa rera wa kowa ba:

Na ji labari a bakin rijiya,
ya fi ƙarfin in riƙe ni kaɗai.
Wanda ya mutu domina ya tashi,
zo ki ji, 'yar'uwa, zo ki ji.

Wani tsoho ya tashi ya bar wurin, ban ga laifinsa ba. Masu fura suka tsaya baki buɗe. Hajiya Baraka tana tsaye hannu a ƙugu, yatsanta ɗaya yana bin kiɗan a kan zaninta. Da na gama jami'in ya shafa gemu.

"Muryarki ta fi tulun. Tattara kayan miyarki."

Mata huɗu suka taya ni mayar da ƙullin. Ina durawa ina murmushi kamar sokuwa. Na kira sunan Ubangijina a gaban baƙi, ƙasa ba ta tsage ba. Duk hanyar Maraɗi ina jin wani sanyi a raina, ina kallon bishiyoyi suna raguwa, sama tana ƙara faɗi.

Ashe ba duka sanyin ne na farin ciki ba. Tun Katsina kaina yake sarawa, na ɗauka rana ce. Muna shiga gari haƙorana suka fara haɗuwa. Na tuna na sauko daga mota a tashar Maraɗi, tulun a hannuna, na tuna komai ya koma rawaya. Daga nan ban san abin da ya faru ba.

A wani ƙaramin asibiti na farka, ana ƙara mini ruwa. Hajiya tana zaune a bakin gadon tana jan carbi.

"Hajiya, ina tulun?"

"Mutum ya dawo daga bakin kabari, tulu yake tambaya. Yana hannuna. Kwanta."

Zazzaɓin taifod ne, in ji likita. Da aka sallame ni Hajiya ba ta tambaye ni ra'ayina ba, gidanta ta wuce da ni. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, ɗakin ƙaramar 'yarta ta ba ni. Ita ta kira Gwaggo da wayata ta ce mata, "Ɗiyarku tana wurina, ba ta mutu ba, ba kuma za ta motsa ba sai na ce." A makon nan aka ga wata, azumi ya kama.

Ban taɓa sanin zafi irin na Maraɗi a bazara ba. Da tsakar rana ko ƙadangaru ba sa fita. A cikin wannan zafin Hajiya take hura wuta ta dama mini kunu, leɓenta a bushe, ta zauna a kaina sai na shanye. Na ce mata in jira a sha ruwa mu ci tare.

"Ke da ba a ɗora miki ba, ga ciwo. In kika mutu a gidana mi zan ce wa masu coci?"

Kewar gida ta kama ni a ɗakin nan fiye da ciwon. Ina kwance ina kallon azara, sai in ga inuwar mangwaron ƙofar gidanmu, in ga fadama da rake ya yi duhu, in ji ƙamshin tuwon masarar Innata da miyar kuɓewa ɗanya. A nan komai gero ne, komai launin ƙasa. Hausarsu ma ta zauna a wani wuri dabam a baki. Maƙwabta suna shigowa duba ni, su sa ni magana don su ji yadda nake ja, su yi ta dariya, su tafi su bar mini dabino ko ƙanƙara a leda.

Da na fara tsayawa da ƙafafuna sai lissafin Ista ya dawo mini. Kwanaki suna tafiya. Na ce wa Hajiya na warke.

"Ƙafafunki suna rawa kamar na ɗan akuya sabon haihuwa. Zauna."

Bayan kwana biyu na sake. Ta ce direban motar Dakwaro ta ranar mahaukaci ne, ba za ta ba shi ko kaza ba. Na ce to in ga tulun, in tabbatar zafi bai taɓa shi ba.

"Tulu ba ya zazzaɓi. Ke ce mai zazzaɓi."

Kullum da hantsi takan yafa mayafi ta fita, sai azahar ta dawo ƙafafunta buɗu-buɗu da ƙura. Na zaci kasuwa take zuwa. Ni kuma in zauna ina ƙirga Lahadin da suka rage, ina tunanin mata uku za su fito daga ruwa ba abin da zai tarye su sai tafi. Na yi kuka a waya, Gwaggo ta ce ran mutum ya fi tulu, amma na ji yadda ta haɗiye sauran maganar.

Akwai kuma wani nauyi da ya fi wannan. Matar nan ta ɗauke ni daga ƙasa, ta wanke ni, ta ciyar da ni da azumi a bakinta. Ni kuma ina da abu ɗaya tak da na san ya fi komai daraja, ina zaune a kansa. In na tafi ban faɗa mata ba, da wane ido zan je ƙauyen da ban san kowa ba in ce na zo da bishara?

Wata rana bayan la'asar muna tsakar gida, tana tace tsamiya ina gyara mata waken ƙosai. Na yi addu'a a zuci har sau nawa ban sani ba.

"Hajiya, akwai abin da ya wajaba in faɗa miki."

"Fitsarin kwance kika yi mini a katifa?"

"A'a, Hajiya."

"To faɗi."

Na faɗa. Ba da tsari ba, ba kamar yadda Fasto yake yi ba. Na ce mata mun gaskata Allah ya ƙaunaci mutane har ya zo wurinmu cikin Yesu Almasihu, ya ɗauki zunubinmu, ya mutu a kan gicciye, ya tashi, kuma ƙofarsa a buɗe take ga kowa, har da ita. Na ce ba don in raina abin da take riƙe da shi ba, sai don ina ƙaunarta, kuma an umarce mu kada mu ɓoye. Ina magana wake yana zubewa ta tsakanin yatsuna.

Ba ta katse ni ba. Ta gama tace tsamiyarta, ta matse, ta ɗauraye hannu.

"Annabi Isa mun san shi, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ni Musulma ce, ɗiyata. A kai aka haife ni, a kai nake roƙon Allah in cika. Amma na ji ki. Abin da kika fi so a duniya shi kika ɗebo mini, na kuwa san haka." Ta goge hannu da zaninta. "Ni ma tun da kika zo, duk asuba sai na sa ki a addu'a, Allah ya shirye ki. Kin ga kowa na yi wa kowa."

Muka yi dariya har na share hawaye. Ta ce in tsince waken da na zubar mata, ba a gonar ubana aka noma shi ba. Har yau ina sa ta a addu'a, na kuma san ba ta fasa tata ba.

Ranar Jumma'ar da muke tuna mutuwar Ubangiji, ta shigo ɗakina da sassafe ɗauke da buhu an ɗinke bakinsa, an cusa ciyawa ta ko'ina har ya yi kamar ƙaton kabewa.

"Ga amanarki. Kada ki kwance sai kin isa, hanyar can ba ta da mutunci."

Na rungume shi, nauyinsa ya dawo hannuna, na ji kamar in yi tsalle. Ta raka ni tasha, ta zaɓi direba da kanta, ta kama kunnensa da magana. Ta cusa mini kilishi da gorar ruwa. Na durƙusa zan yi godiya, ta ɗaga ni.

"Tashi, kina tara mini mutane. Ki gaida masu coci."

Daga Maraɗi zuwa Dakwaro da sauƙi. A gidan wani ɗan'uwa mai bin Yesu da Baba Ishaku ya haɗa ni da shi na kwana. Washegari ne na san tafiya. Mota ce mai buɗaɗɗen baya, mu da awaki da buhunan gishiri da jarkoki, hanya kuma ba hanya, sawun taya ne kawai a kan rairayi. Muka kafe, maza suka sauka suka tura, muka tashi, muka sake kafewa. Duk lokacin da motar ta faɗa rami nakan ɗaga buhun sama in bar jikina ya sha dukan. Wata Bafulatana da ke kusa da ni, ba ta jin Hausa sosai, ta ga hannuwana sun gaji. Sai ta ware mayafinta ta yi mana rumfa, ni da ita da buhun, ta riƙe shi haka har rana ta karkata.

Inda mota ta tsaya ba gari, rijiya ce da bishiyar aduwa ɗaya. A gindinta wata mata take tsaye, baƙa, ramammiya, hannu a goshi. Sai da ta kira sunana na gane Gwaggo Saratu ce.

Ba ta bari na sha ruwa ba sai da ta farke buhun. Ta zare totuwar, ta zura hannu, ta fara fito da ƙullin. Tana fitarwa tana kiran suna.

"Wannan ɗaurin Talatu ne, ita ce mai ƙulla abu kamar za a sace. Wannan na uwarki ne. Wannan kukar ta Ladi ce, har yanzu ba ta iya tankaɗe ba."

Ta kai daddawa hanci, ta zauna a ƙasa ta yi kuka, Baba Ishaku yana tsaye yana murmushi yana cewa a bar ta. Sannan ta share fuska, ta ɗora tulun a cinya ta buga. Na ji muryarsa ta ɗan fi yadda na sani zurfi, amma maganin zazzaɓin ya bar mini toshewar kunne, ban sa abin a rai ba. Gwaggo ta rufe ido.

"Ya iso," ta ce.

Ba kogi a ƙasar nan. A kwamin siminti da ake shayar da shanu aka yi baftismar, da safiyar Ista, bayan makiyaya sun ba mu aron wurin. Baba Ishaku da wasu maza biyu suka yi ta jan guga har ruwa ya kai gwiwa. Matan uku suka zo a jere: Tani, tsohuwa mai haƙori biyu, da Altine, da wata yarinya mai ciki da ake kira Hajo. Kowace ta faɗi bangaskiyarta da bakinta. Da aka ɗago Tani daga ruwa, Gwaggo ta saki hannu a kan tulun.

Tsohuwar ta tsaya cak, ruwa yana zuba daga kanta. Ta waiga tana neman inda muryar take fitowa. Sai ta fara taka ƙafa a cikin kwamin, ruwa yana fantsama, Baba Ishaku yana ƙoƙarin riƙe ta kada ta zame.

"Malam, sake ni," ta ce, "ba yau zan faɗi ba."

Mu duka ba mu isa mu cika mota ɗaya ba, amma mun yi waƙa kamar coci cike. Gwaggo tana bugawa, ni ina ba da waƙa, matan suna amsawa da abin da suka kama. Shanu suka tsaya nesa suna kallonmu. Matan da suka zo ɗiban ruwa suka ajiye jarkokinsu suka matso. Da aka gama wata a cikinsu ta ja zanina ta ce, wane ne wannan da ya mutu ya tashi? Na duba, Baba Ishaku yana can yana canza riga, Gwaggo tana shafa wa Hajo mai. Ni kaɗai ce a wurin. Na zauna a bakin kwamin na faɗa mata tun daga farko, muryata ba ta maƙale ba.

Na zauna a ƙauyen har damina ta sauka. Altine ta koyi karatu, Tani ta ce idonta ya tsufa, ita tulu za ta koya, ta kuwa koya har ta fi ni. Na dawo gida ta wata hanya tare da wasu baƙi, ban bi ta gidan Hajiya ba, sai gaisuwa ta waya.

Sai bayan na yi aure na haihu muka shirya kai wa Gwaggo jaririyar, muka sauka a Maraɗi. Hajiya Baraka ta karɓe 'yar, ta ce ta fi ni baki tun yanzu. Ina zaune a tsakar gidan da na sani, ina kallon kajinta suna shan ruwa a wani kasko a gindin bango. Kaskon ya riƙe mini ido. Ɓarin tulu ne, a gefensa da rabin wani rami zagayayye, mai santsi, irin wanda ba faɗuwa ce take yin sa ba.

"Hajiya, wannan kaskon fa?"

Ta leƙa, ta ci gaba da jijjiga jaririyar.

"Au, ban jefar ba ashe. Naki ne."

A tashar ya fashe, in ji ta, ranar da na faɗi. Nauyin kayan miyar ne ya tarwatsa shi. Ita ta sa aka kai ni asibiti, ta koma ta tsince gutsattsarin da ƙullin duka a mayafinta. Ta kai wa wata maginiyar tukwane a bayan gari, ta jera mata su a ƙasa, ta ce irin wannan take so, har da zanen wuya. Matar ba ta taɓa gina tulu mai rami ba, sai ta gina da yawa a gwada. Jiran su bushe a gasa su ne ya sa Hajiya ta yi ta cewa ƙafafuna suna rawa, direban Dakwaro kuma mahaukaci ne. Wasu sun tsage a wuta. Sauran, Hajiya da kanta ta zauna a rana da azumi tana buga su ɗaya bayan ɗaya, tana gunguna abin da ta riƙe na waƙar kan iyaka, har maginiyar ta tambaye ta ko ta canza addini ne.

"Na ce mata ki yi aikinki, amana ce. Ɗaya kamar ana buga ƙofa, ɗaya kamar cikin jaki. Na ƙarshen ne ya yi kusa da naki."

Tulun da matan ƙauyen can suke yabon Yesu da shi har yau, yumɓun Maraɗi ne, kuma Hajiya Baraka ce ta zaɓi muryarsa.